Bunsuru a Bayan Mai Ƙosai

Shugaban sashenmu ne ya ce in rubuta wannan labari saboda sababbin malaman da za a ba riƙon ƙungiyoyin ɗalibai bana. Na ɗan ja ƙafa kafin in amsa, domin an kwana biyu da faruwar abin, kuma ban rubuta komai a lokacin ba. Wasu maganganun ina ganin na riƙe su yadda aka faɗe su, wasu kuwa ma'anarsu kawai ta rage mini. Inda na yi shakka zan faɗa. Amma ranar ita kanta, ranar da muka kai wasa wata firamare a unguwar Nasarawa da ke nan Kaduna, ba ta taɓa fita daga raina ba.

Wasan kwaikwayo na karanta a jami'a, amma aikin da na samu shi ne koyar da Hausa a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a ɓangaren Makera. Ga wanda bai san tsarin ba, firinsifal ne a sama, sai mataimakansa biyu, ɗaya na harkar karatu, ɗaya na harkar mulki. Ƙarƙashinsu akwai shugabannin sashe, sannan mu malaman aji. Kowace Laraba bayan darasin ƙarshe ana ware awa ɗaya ta ƙungiyoyi: 'yan muhawara, 'yan jarida, matasan manoma, da 'yan dirama. Kowace ƙungiya tana da malamin da ke kula da ita, ana ce masa uban ƙungiya. Ni aka ba dirama. Ina so in ce saboda karatuna ne, amma ina jin babu wanda yake so ne kawai.

A farkon zango na uku, lokacin da ruwa ya fara sauka, mataimakiyar firinsifal ta harkar karatu ta aiko kirana. Madam Tabitha ke nan, 'yar Kudancin Kaduna, wadda ta koyar da lissafi tun kafin in shiga firamare. Ba ta da faɗa, amma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Malam Sagir, zauna," in ji ta. "Ka san sakamakon jarrabawar fita na bara bai yi wa iyaye daɗi ba. Daga sabuwar shekara awar Laraba za ta koma lesin. Ƙungiyar da ta nuna amfaninta za a bar ta, saura kuwa a rufe. 'Yan muhawara sun ciyo kofi. Manoma sun kawo mana masara har ofis. Ku me kuke da shi?"

Na ce, "Muna da yara masu hazaƙa, Madam."

"Kowa yana da su. Abin da zan gani da idona nake tambaya."

Ta ba ni zuwa ƙarshen zango. Na fito ina lissafin yadda zan gaya wa yaran, domin na san abin da awar nan take a wurin wasunsu. Akwai waɗanda ba a jin muryarsu a aji daga Litinin zuwa Juma'a sai ranar Laraba.

Da na gaya musu, Ladi ce ta fara magana. 'Yar aji biyu ce na babbar sakandare, gajera, mai saurin ido, mahaifiyarta tana sayar da abinci a Nasarawa. Ta ce tunda ba mu da kofi, mu kai wasa makarantar ƙannenta, mu gayyaci Madam ta gani. Kowa ya yarda, sai aka tsaya a kan yaren da za a yi wasan.

Obinna, ɗan ajinsu, dogo, mahaifinsa yana sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, ya ce, "Sa, ni Hausata ta kasuwa ce. In ba ciniki za a yi a wasan ba, kada a sa ni."

Ladi ta ce, "In da Turanci ne kuma, 'yan aji ɗaya barci za su yi."

"To a yi da yarenku, mu duka mu yi barcin."

"Kai ko ba a yi magana ba, tsawonka ya isa abin dariya."

Daga wannan tsokanar na tuna da wani nau'in wasa da muka yi a jami'a, wanda da sunan Turanci muka san shi, fantomaim. 'Yan wasa ba sa cewa uffan, da jiki da fuska suke ba da labari, sai ganga da ke raka su. Muka ƙara masa abu ɗaya: maganar da 'yan wasa suka bari, 'yan kallo ne za su yi ta. A kudancin garin Kaduna aji ɗaya yana iya haɗa yaruka da yawa, to kowane yaro ya yi ihunsa da yaren da ya fara zuwa bakinsa.

Labarin gajere ne. Mai ƙosai tana suya a bakin hanya, bunsuru yana lallaɓowa ta bayanta yana sata. Ba ta ganinsa sai yara sun faɗa mata. Ladi ce mai ƙosai. Obinna ya nemi zama bunsuru da kansa, ya yi ƙaho da kwali, gemu da zaren buhu. Ƙosan kuwa takardar siminti muka dunƙule. Wani yaro mai suna Musa ya riƙe ganga.

Doka ɗaya na nanata wa Ladi har ta gaji da ji. Na ce, "Ko kwana za a yi, kada ki juya sai yara sun buɗe baki sun gaya miki. In kika juya da kanki, kin ƙwace musu wasan." Mun gwada a gaban 'yan ƙaramar sakandarenmu, suka yi ihu har maigadi ya shigo da gudu. Wannan ya sa na sakankance.

Fitar da ɗalibai daga makaranta tana da ƙa'ida, kuma ina roƙon sababbin malamai kada su yi wasa da ita. Sai firinsifal ya amince, sai iyaye sun yarda, kuma in akwai mata dole a tafi da malama. Madam Tabitha ta ce ita ce malamar. Na kuma je na ga hedimastan firamaren, Malam Iliyasu, dattijo mai farin gemu da ya kusa ajiye aiki. Ya karɓe ni hannu biyu. Na yi masa bayanin wasan, in ban manta ba har na ce babu magana a ciki. Ya ce, "Kada ka damu, Malam, yarana suna da tarbiyya." Na ji daɗin maganar, na yi godiya na tafi. Ban shiga ko aji ɗaya na ga yadda ake zama ba.

Ranar Alhamis ce, ina jin, da hantsi. An yi ruwa da asuba, hanyar ta yi taɓo, muka isa a Keke da ƙahon Obinna a cikin leda. An cire katakon da ya raba aji biyu, aka tara 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan bencina. Muna shiga suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe mu da murya ɗaya mai ja, irin wadda duk wanda ya yi firamare ya sani. Malam Iliyasu ya tsaya a gaba.

"Yau muna da baƙi," in ji shi. "Manyan yayyenku ne daga sakandare, ga kuma Madam. Me muke yi in muna da baƙi?"

"Hannu a ƙirji, baki a rufe," suka amsa.

"Madalla. Wanda ya kunyata ni, na san gidansu."

Ya koma ya zauna a bayan teburinsa a gefe. Akwai bulala a kan teburin, kuma ina so in yi masa adalci: ban ga ya ɗaga ta ba ko sau ɗaya a ranar. Tana nan dai a kwance. A bakin kowane layi monita yana tsaye. Na ce wa kaina ai haka ake faɗa kullum, da ganga ta tashi za su manta.

Musa ya fara kiɗa. Ladi ta shigo da tire a ka, ta ajiye, ta haɗa wutar da babu ita, ta hura, hayaƙi ya shige mata ido, ta yi ta murzawa. Ta zuba ƙullu a mai, man ya fallatsar mata a hannu, ta yi tsalle tana yarfewa. A makarantarmu nan ne dariya take fara ɓarkewa. A nan kuwa kafaɗu na gani suna rawa, kumatu sun kumbura, amma babu sauti.

Sai ga bunsuru. Obinna ya shigo da rarrafe, ya tsaya ya sunsuna iska, ya karkata ƙaho ya dubi yaran. Ya lallaɓo bayan Ladi ya ɗauki ƙosai ɗaya daga tiren. A nan ne ya kamata ɗakin ya ɗauki ihu. Shiru. Ladi ta ci gaba da juya ƙosai a kasko, tana jira. Obinna ya ɗauki na biyu, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Shiru. Musa ya ƙara ƙarfin ganga, ya waiwayo yana kallona.

Ƙosan da ke tiren ba su da yawa. In bunsuru ya cinye su mai ƙosai ba ta juya ba, wasa ya ƙare tun bai fara ba. Obinna ya gane haka, sai ya koma tauna kowane ɗaya a hankali, yana sosa ƙeya da ƙafa, yana lasar gemu, yana dai jan lokaci. Ladi kuwa ta riƙe dokata kam. Ina hango zufa a goshinta. Na saci kallon Madam Tabitha, na ga ta dubi agogonta.

Na sunkuya na zagaya wurin hedimasta, na durƙusa a gefen kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, wasan yana bukatar su yi magana. Ihu ma ake so."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Ihu?"

"E, ranka ya daɗe. Su ne za su gaya mata."

Ya rage murya ya ce, "Malam, kai awa ɗaya za ka yi ka tafi. Ni da su nake har ƙarshen zango, ga su nan ka gan su, ko wurin zama ba ya isarsu. In na buɗe bakin nan yau, wa zai rufe mini shi?"

Ban taɓa koyarwa a firamare ba, kuma na ga ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji irin nawa. Na koma wurina. Na yanke shawarar in miƙe in tsayar da ganga, in yi wa yaran bayani da baki, ko da hakan zai lalata wasan. Har na ɗaga daga kujera, Madam ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zauna."

"Madam, wasan ya tsaya."

"Ba kai ne a fage ba. Dubi bakinsu."

Na duba. Hannuwansu na nan a ƙirji, bakinsu a rufe, amma layi bayan layi sun turo leɓe gaba suna nuna bayan Ladi, yadda muke nuna abu da baki in hannu ba dama. Wasu har da haɓa, wasu suna zare ido. Ɗakin gaba ɗaya ya karkata wuri guda ba tare da an karya dokar hedimasta ba. Daga baya Ladi ta gaya mini ta gani, ta kusa juyawa, sai ta tuna na ce sai sun buɗe baki. Ban san ko in yi alfahari da wannan ko in ji kunya ba.

Ana cikin haka wata 'yar ƙaramar yarinya a layin gaba, wadda rigar makarantarta ta yi mata yawa, ta zare hannu ɗaya daga ƙirji ta ɗaga sama. Monitan layinsu ya harare ta, ya dubi hedimasta. Amma ɗaga hannu ba laifi ba ne a kowace makaranta. Ita ce hanyar da aka koya musu ta neman magana.

Wannan ba ya cikin abin da muka shirya. Ladi ta tsaya. Ta goge hannu a zani, ta mayar da hannuwanta baya, ta tako gaban bencin a hankali tana duban yara ta saman tabarau ɗin da ba ta da shi. Ta nuna yarinyar da yatsa.

Yarinyar ta miƙe tsaye, ta gyara riga, ta ce da murya sarai, "Anti, da izini, bunsuru yana cin ƙosanki." Ta zauna ta mayar da hannu ƙirji.

Ladi ta dafe ƙirji ta juya da sauri. Amma kafin a ɗaga hannu, a nuna, a miƙe, a gyara riga, Obinna ya daɗe da shigewa bayan allo. Ladi ta duba dama, ta duba hagu, ta leƙa ƙarƙashin tire. Babu bunsuru. Ta dawo ta dubi yarinyar, ta girgiza kai, ta kaɗa mata yatsa alamar ba kyau ƙarya. Fuskar yarinyar nan har yau ina ganinta. An ƙaryata ta a gaban makaranta, alhali kowa ya gani.

Ladi na komawa kaskonta, ƙahon kwali ya leƙo daga bayan allo, hannuwa suka tashi ko'ina. Har yanzu babu mai magana, sai miƙa hannu ake yi, wasu suna kaɗa shi, na baya suna ɗaga gindi daga benci. Ladi ta nuna wani yaro. Ya miƙe ya ce da Turancin kasuwa, "Aunty, e don come again," wato ya sake dawowa. Kafin ta juya, bunsurun ya ɓace. Ta nuna wata, ta miƙe ta fara da sallama, ta ce yana bayan allo, ɓangaren taga. Kafin ta gama kwatancen, ya koma ɓangaren ƙofa.

Obinna ya gano cewa duk lokacin da ake ɓatawa wurin neman izini nasa ne. Sai ya daina gudu. Da Ladi ta tsaya tana zaɓen wanda za ta nuna, sai ya fito ya zauna a bayanta ya miƙe ƙafa, ya ci ƙosai cikin natsuwa, yana ɗaga wa yaran gira. Wani yaro a layin tsakiya ya cusa kwalar rigarsa a baki yana cizo. Wata ta rufe ido da hannu ɗaya, ɗayan yana sama. Ni kaina na manta da Madam, na manta da awar Laraba.

Daga nan Obinna ya yi abin da da ya tambaye ni ba zan yarda ba. Ya ɗauki tiren gaba ɗaya ya ɗora a ka, ya nufi ƙofa yana takawa ɗaya-ɗaya. Hanyar ƙofar ta gaban teburin hedimasta take. Da ya zo daidai wurin ya tsaya, ya rusuna, ya ɗauki ƙosai ɗaya ya ajiye wa Malam Iliyasu a kan tebur kusa da bulalar, ya kai yatsa baki, wato a rufa masa asiri. Ladi tana can ta ba shi baya, tana ta shawagi da yatsa a kan hannuwan yara, ta kasa zaɓa.

Sai muka ji murya daga gefe, babba, ta dattijo: "Ke mai ƙosai, juyo mana, ga shi zai fita da tiren gaba ɗaya."

Ganga ta tsaya. Yara duka suka juya suna kallon hedimastansu, hannuwa a sama. Shi ma, a ganina, ya yi mamakin kansa. Ya dubi ƙosan takardar da ke gabansa, ya dubi yaran, ya ce, "To me kuke kallona? Ku faɗa mata."

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Rufin kwano ne, sai ta riƙa dawowa a kanmu. Na ji Hausa, na ji Turancin kasuwa, na ji harshen Ibo, na ji yarukan da ban iya bambancewa ba, duk abu ɗaya ake faɗa. Monitoci sun fi kowa ƙara. Ladi ta juya, ta ga bunsuru, aka shiga tsere tsakanin bencina. Malaman sauran azuzuwa suka cika tagogi. Duk inda Obinna ya ɓuya sai a tona shi kafin ya gama sunkuyawa.

A nan tsorona ya juya. Yara sun hau kan bencina, na baya suna turo na gaba, wani ƙarami ya fara kuka saboda an taka shi. Tambayar hedimasta ta dawo mini: wa zai rufe? Na ga hannunsa ya matsa kan tebur kusa da bulalar. Na ce a raina, in aka ƙare wasan nan da duka, na cuci yaran, na cuci dattijon, kuma Madam tana da hujjar rufe mu.

Akwai wani ɗan yanki a ƙarshen wasan da na kusa cirewa lokacin gwaji, domin ina ganin ba shi da armashi. Bunsuru ya ƙoshi, cikinsa ya yi nauyi, ya kwanta barci, mai ƙosai ta lallaɓo ta ɗaure shi. Obinna ya tsallake abin da ya rage ya tafi can kai tsaye. Ya yi hamma, ya shafa ciki, ya zube a tsakiyar fage da tiren a gefensa. Ladi ta ciro igiya daga ƙugunta ta nuna wa yaran. Ta nuna bunsurun, ta kwantar da kai a kan tafin hannu alamar barci, sannan ta kai yatsa baki. Ta ɗaga ƙafa ɗaya a hankali.

Layin gaba ne ya fara yin shiru. Suka juya suna yi wa na bayansu alama. Waɗanda suka hau benci suka sauko a hankali kada katako ya yi ƙara. Yaron da ke kuka, yayarsa ta rungume shi ta toshe masa baki. Wani ya yi tari, ɗakin duka ya harare shi. Shirun ya kai har ina jin ɗigar ruwa daga indararo a waje. Da Obinna ya motsa kunne cikin barci, na ji yara sun ja numfashi tare. Ladi ta zura igiyar a ƙafarsa, ta ƙulla, ta ja. Musa ya buga ganga sau ɗaya.

Malam Iliyasu ya miƙe ya ce a tafa musu. Suka yi tafin makaranta mai tsari, suka fita layi-layi, kamar ba su ne ɗazu a kan bencina ba. Bulalar tana inda take.

A ofishinsa ya ba mu ruwa. Sannan ya ce, "Malam, wancan na ƙarshen, na ɗaure bunsurun, a jami'a ake koyar da shi?"

Na ce gaskiya kusan cire shi na yi.

"Kada ka cire. Ku dawo zango mai zuwa. 'Yan aji huɗu zuwa shida ba su gani ba, za su ishe ni da ƙorafi."

Madam Tabitha ta ce, "Hedimasta, ashe kai ma ɗan dirama ne. Muryarka ta fi ta kowa fita."

"Ni? Ban yi magana ba, Madam. Tari na yi."

A hanyar komawa Madam ba ta ce mini komai game da ƙungiyar ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Sai da muka kusa Makera ta juya ta ce, "Ladi, wa ya koya miki tafiyar nan ta hannu a baya?"

Ladi ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke ce, Ma."

Obinna ya tuntsire da dariya har mai Keke ya waiwayo. Madam ta ce masa ya rufe mata baki, ɓarawon ƙosai kawai, amma na ga ita ma tana cije leɓe.

A taron malamai na ƙarshen zango aka faɗi hukunci. An bar ƙungiyar dirama da awarta. Ba duk abin da na nema na samu ba: 'yan ajin ƙarshe za su fita bayan zango na ɗaya su koma lesin, don haka Ladi da Obinna zango ɗaya kawai suka ƙara yi da mu. An rufe ƙungiyar 'yan jarida, kuma ban ji daɗin hakan ba, domin malaminsu ya yi ƙoƙari. Wani malamin kimiyya ya tambayi dalilin barin dirama. Madam ba ta ambaci dariya ba sam. Abin da na riƙe shi ne ta ce ta ga yara biyu sun maƙale a gaban jama'a, babu mai gaya musu abin yi, suka duba abin da ke gabansu suka fita. Ta ce shekarun da ta yi tana lesin, ba ta san yadda ake koyar da wannan a allo ba.

Abin da na ɗauka daga ranar, in zai amfani wani, shi ne wannan. Yanzu ba na kai wasa wata makaranta sai na je na zauna a bayan aji safiya guda, na ga yadda yaro yake samun izinin magana a wurin. Wata makarantar ɗaga hannu ake yi, wata amshi ake yi tare, wata sai malami ya kira suna. Da wannan nake gina farkon wasan. Kuma ina zama da hedimasta in gaya masa ƙarara cewa za a yi ihu, in nuna masa inda ihun zai tsaya. Tun da na fara haka ban sami wanda ya hana ni ba. Na daina ganin shirun firamare a matsayin zalunci, domin na ga yawan yaran da mutum ɗaya yake riƙe da su. Na kuma rage ba ɗalibai dokar da ta fara da "ko kwana za a yi", ko da yake ban tabbata ba ko yarinyar nan za ta ɗaga hannu da ban ba Ladi ita ba.

Wannan shi ne yadda na tuna. Madam Tabitha ta ce yarinyar a layi na biyu take, ba na gaba ba. Obinna, da na haɗu da shi a shagon mahaifinsa a Kakuri, ya rantse ƙosai biyu ya ajiye wa hedimasta. Malam Iliyasu ya ajiye aiki, kuma har yau cewa yake yi tari ya yi. Duk wanda yake wurin a ranar, cikin malaman da suka leƙo ta taga ko 'yan ƙungiyar, in ya ga na yi kuskure ya same ni a ɗakin malamai in gyara. Abu ɗaya na fi nema. Ban tambayi sunan yarinyar ba, kuma yanzu ta isa shiga sakandare. In akwai wanda ya san ta, ya taimaka ya gaya mata Ladi wasa take yi da ta kaɗa mata yatsa. Gaskiya ta faɗa, bunsurun yana nan, dukanmu mun gan shi.